Kafin Kaka Ta Tafi Da Labarin: Mu Baje Kolin Tarihinmu a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Ɗauki wayarka yanzu, ka rubuta "Zurmi" a wurin bincike na Facebook ko TikTok. Goge, ka rubuta "Shinkafi". Sake gogewa ka sa "Ƙauran Namoda". Ba sai mun faɗa maka abin da zai fito ba: hari, garkuwa, jana'iza, sai hotunan manya sun je jaje. Duk gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙira, kuma wannan shafi ba zai taɓa cewa a yi shiru a kai ba. Amma ka tambayi kanka: ƙaninka da aka haifa bayan wannan fitina ta fara, ga shi yau ya shiga sakandare, me ya sani game da garinsu in ban da wannan?

A cikin wayar nan taka kuma kana ganin sa'o'inka na Kano sun sha kwalliya suna ɗaukar hoto a zaurukan Gidan Makama, ko a bakin marinar Ƙofar Mata. A 2022 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya buɗe baje kolin suturar Afirka, hotunansa suka zagaya duniya. Mu kuwa namu shi ne mu rubuta "Masha Allah" a ƙasa mu wuce.

Matsayarmu a wannan mako ɗaya ce. Arewacin Zamfara yana da abin nunawa, abin nan yana salwanta a gaban idonmu, kuma matasa ne ya kamata su fara baje kolinsa tun yanzu, ko da a aji ɗaya na makaranta ne, ba tare da jiran gwamnati ta gina katafaren gida ba.

Me muke da shi da za a nuna?

Mu fara da 'yar jarrabawa. Me ya sa ake kiran Sarkin Ƙauran Namoda da Sarkin Kiyawa? Me ya sa na Zurmi yake Sarkin Zamfara? Wane ne Namoda ɗin ma? Idan ka tsaya sosa ƙeya, kada ka ji kunya, ba kai kaɗai ba ne. Laifin ya fi yawa a kan waɗanda ba su nuna mana ba.

Tarihin da aka gada ya nuna cewa Dutsi, wanda ke ƙasar Zurmi a yau, shi ne mazaunin farko na sarakunan Zamfara. A jerin sarakunan farko har da mace, Sarauniya 'Yargoje. Ke da kike ɗora hoton Sarauniya Amina ta Zazzau duk ranar mata ta duniya, kin taɓa jin sunan wannan ta gida? Daga baya sarauta ta koma Birnin Zamfara, wanda Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci a shekarun 1760, suka kafa Alkalawa. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura, Kiyawa na cikin garuruwan da suka fake, kafin daga bisani su zauna a Anka.

Namoda kuwa jarumi ne daga Fulanin Alibawa, dangin gidan sarautar Zurmi. Yana cikin manyan mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka ci Alkalawa a 1808, kuma a yaƙin Kiyawa ya rasu. Ka ga inda sunan garin da sunan sarautar suka samo tushe. Duk ranar da ka rubuta adireshinka, tarihi kake rubutawa ba ka sani ba.

Baƙi ma sun ga abin da mu ba mu kula da shi ba. Bature ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina zai je Wurno, ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa da Isa. Ya rubuta yadda ya tarar da kasuwar Badarawa cike da jama'a, auduga ce kan gaba a hajarta. Badarawar nan dai ta ƙasar Shinkafi. Wato shekara sama da 160 da suka wuce, wani a Jamus ya karanta labarin kasuwarmu, mu jikokin 'yan kasuwar ba mu karanta ba.

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura, nan ya tsaya. Ƙaura ce ƙarshen layi. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na wannan yanki ta nan suka riƙa bi zuwa teku, baƙi daga kudu suka zo suka zauna, garin ya bunƙasa. Wancan tsohon tashan da kake wucewa a kan babur ba ka ko waiwaya, shi kaɗai ya isa a shirya baje koli a kansa: tsofaffin tikiti, hotuna, sikelin awon gyaɗa, da bakin tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dako da suka rage.

Ga kuma waƙa. Ibrahim Narambaɗa, wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i, ɗan Tubali ne. Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, sunan garinsu yake ɗauke da shi duk inda aka ji muryarsa. Kana sa waƙar Narambaɗa a bayan bidiyonka na hawan sallah, amma ka taɓa riƙe kotso a hannunka?

Adakar kaka ma gidan tarihi ce

Kada ka ɗauka kayan tarihi sai takobin sarki da sulke da kwalkwali. Mafi yawan abin da ke cika gidajen tarihi na duniya kayan talakawa ne: abin da suka sa, abin da suka ci a ciki, abin da suka yi sana'a da shi.

Shiga ɗakin kaka ki roƙe ta ta buɗe adakar nan da ba ta bari a taɓa. Za ki iya samun zanen saƙi, ko gwado, ko luru, ko baƙin turkuɗi mai sheƙi da ke barin shuni a jiki. Ki tambaye ta wa ya kaɗa zaren, wa ya saƙa, a wace marina aka rina. Audugar da Barth ya gani a Badarawa ai a nan ta ƙare: mace ta gurje ta, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari, masaƙi ya saƙa ƙyalle-ƙyalle siri-siri, maɗinki ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Rigar tsamiya ko ta saƙi mai aska takwas da kakanka ya yi angwanci da ita, hannu nawa ta bi kafin ta hau wuyansa? Aikin allurar da ke gabanta kaɗai yakan ci watanni. Yau masu zanen tufafi a Legas da Landan suna neman irin waɗannan zane-zane ido rufe, mu kuma muna shimfiɗa wa kaji su.

Haka jeren ɗaki: tasoshi, kwanonin samira, fanteka, akushi, ƙoren da aka yi wa zane, faifan da aka saƙa da launi. Haka kayan dukawa, zabira da tandu da gafaka. Haka allon da aka yi wa zayyana ranar saukar Alƙur'ani, da takardun ajami da ke cikin gafakar malam, waɗanda wasunsu wasiƙu ne, wasu lissafin bashi, wasu magani.

Gini ma haka. Ka taɓa tsayawa a tsakiyar tsohon soro ka ɗaga kai? Dubi yadda magini ya ɗaure azara ya lanƙwasa baka har rufi ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya, ba siminti, ba rodi. Dubi zankwaye a kan soro, da indararo, da shafen makuba da ke kare bango daga ruwa. Da rana tsaka a watan Afrilu, zaure na tubali ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba, kowa ya san haka. A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, an ware fili guda aka gina kwafin manyan gine-ginen gargajiya, ciki har da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Can ana gina kwafi don kada a manta, nan muna rushe na asali don mu yi shago.

Me ya sa sai yanzu?

Saboda lokaci ba ya jiranmu, kuma a yankinmu gudu yake yi.

Duk ƙauyen da ya tashi, mutane da ransu suke gudu, da yara, da ɗan abin da hannu zai ɗauka. Ba wanda zai tsaya ɗaukar masaƙa ko tulu. Damina biyu ta isa ta kwantar da soron da ba a yi wa yaɓe ba. Gara ta cinye takardu. Tsohuwar da ta san sunan kowace rijiya da kowace ƙofa ta garinsu, yau tana raɓe a gidan wani a Ƙaura ko Shinkafi ko Gusau, ba mai tambayarta komai sai "kin ci abinci?" Ranar da ta koma ga Allah, da taswirar garin za a rufe ta.

Ga kuma talauci. Wanda ya rasa gona da shanu, in aka taya tsohuwar riga ko takobin gado, sayarwa zai yi, kuma ba mai ganin laifinsa. Dillalan kayan tarihi sun san da haka. Tun a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa mutum-mutumin yumɓu da ake haƙowa a yankunan Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da ake wawashewa. An yi ta murnar Jamus ta fara dawo da kayan tagullar Benin a 2022, bayan fiye da shekara ɗari da kwashe su. Su an ƙwace musu ne da bindiga a 1897. Mu in ba mu farka ba, da hannunmu za mu miƙa namu, a kuɗin da bai kai na buhun masara ba, jikokinmu su je neman biza don su gani.

"Ana ta kai wa ke ta kaya?"

Mun san za a faɗi haka a sashen sharhi, kuma magana ce mai nauyi. Wanda ɗan'uwansa ke hannun 'yan bindiga ba shi da lokacin kallon akushi. Ba mu ce baje koli zai hana hari ba, ba mu ce zai cika ciki ba. Amma ka lura da abin da fitinar nan ke ci ban da rayuka da dukiya. Tana cin sunan gari. Ta sa ɗalibi a jami'a yana jin nauyin faɗin inda ya fito. Ta sa yaro ya tashi bai san wani gwarzo a yankinsu ba sai wanda ake jin muryarsa a saƙon WhatsApp yana barazana. Idan sunayen 'yan ta'adda sun fi sunan Namoda da Narambaɗa zama a bakin yaranmu, to an ci mu yaƙi na biyu ba a harba ko harsashi ba. Wannan yaƙin kuwa da wayar hannu da tabarma ake yin sa.

Wani kuma zai ce kayan da ai kayan jahiliyya ne. A nan sai mu tuna cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta tarihin ƙasashen nan a littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma Wazirin Sakkwato Junaidu ya ƙare rayuwarsa yana tattara tarihi, shi ya sa cibiyar adana tarihi ta Sakkwato ke ɗauke da sunansa. Ajiye abu don a san yadda aka yi a da daban, girmama shi daban. Inda ka yi shakka, tambayi malaminku, kada ka fasa tukunyar.

Yadda za a fara

Ba a bukatar kwangila. Ku haɗu ku biyar ko goma, maza da mata, 'yan unguwa ɗaya ko 'yan ƙungiyar ɗalibai. Ku zaɓi abu ɗaya tak, kada ku ce za ku kwaso tarihin Zamfara duka. Misali: "Kayan auren kakanninmu", ko "Ƙaura a zamanin jirgi", ko "Kasuwar Shinkafi jiya da yau", ko "Daga auduga zuwa riga".

Ku fara da gaisuwa. Ku je wurin mai unguwa ko hakimi ku faɗi nufinku, ku nemi albarka. Ku nemi aron aji a makaranta ranar Asabar, ko zauren wani dattijo. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa tun 1983, ku ne ya fi kamata ku ja gaba, don kuna da ɗakuna, kuna da malamai, kuna da baƙi daga jihohi da dama da za su koma gida da wani labari dabam game da mu.

Kaya aro za ku karɓa, ba kyauta ba. Ku rubuta a littafi wa ya bayar da me, ku mayar ranar da kuka yi alkawari. Amana ɗaya kuka ci, an rufe muku ƙofa ke nan har abada.

Kowane abu a yi masa 'yar takarda: sunansa, wa ya yi shi, a wane gari, me ake yi da shi, yaushe. Tsofaffi ba za su ba ku shekara da lamba ba. Za su ce "zamanin Sardauna", ko "shekarar da mota ta koma hannun dama", ko "lokacin da aka canja kuɗi". Ku rubuta yadda suka faɗa, sannan ku fassara: komawa hannun dama 1972 ne, naira ta maye gurbin fam a 1973. Wannan 'yar takarda ita ce bambancin baje koli da tarin komatsai.

Ku zaunar da mai kayan kusa da kayanta ta yi bayani da bakinta. In ta ce "wanga zane" ko "ɗiyata", ku bar shi haka, kada ku gyara mata zuwa Hausar Kano. Harshen ma kayan tarihi ne. Ku ɗauki murya da bidiyo, amma da izini, musamman iyayenmu mata. Wadda ba ta son fuskarta ta fito, a ɗauki hannunta da muryarta.

Kuma kada ku dogara da intanet kaɗai. Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka rufe kasuwannin mako? Wanda duk ajiyarsa ke Facebook ya zauna hannu rabbana. Ku adana a katin waya biyu ko uku a gidaje daban-daban, ku wanke muhimman hotuna a takarda, ku kai kwafi ɗakin karatu na makaranta.

Sai gargaɗi, kuma da babbar murya. Kada wanda ya ce zai je kufan Kiyawa ko Dutsi ko wani daji don ɗaukar bidiyo. Babu yawan mabiya da ya kai ranka. Kada ku wallafa cewa gidan wane akwai azurfa ko tsohon takobi, kada ku sa sunan unguwa a kan abu mai daraja. Ganuwa ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye, za ta jira lafiya ta samu. Tsofaffin da ke cikin gari su ne ba za su jira ba.

In ka samu fita, ka shiga

Da yawanku kuna zuwa Sakkwato, Katsina, Kano ko Kaduna don karatu, ko biki, ko sarin kaya. Ware awa biyu. A Gusau akwai gidan adana kayan tarihi na jiha. A Sakkwato ga cibiyar Waziri Junaidu da takardun daular Usmaniyya. A Katsina gidan tarihin yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ga hasumiyar Gobarau ba nisa. A Kano ga Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ga Gidan Ɗan Hausa. A Argungu ga gidan tarihin Kanta a tsohuwar fada. A Kaduna ga Gidan Arewa. Kuɗin shiga yawancinsu bai kai datar da kake ƙonawa a kwana biyu ba.

Amma ka shiga da ido, ba da kyamara kaɗai ba. Karanta takardun da ke jikin kaya. Tambayi jami'in da ke zagayawa da kai, yawancinsu suna jin daɗin wanda ya yi tambaya. Lura da yadda suka jera abubuwa, me suka sa a farko, me suka sa a ƙarshe. Sannan ka tambaye su ko akwai wani abu daga Zamfara. In akwai, ka ɗauko mana labarinsa. In babu, ka dawo da sanin aikin da ke gabanmu.

Ga shugabanni kuwa, roƙonmu kaɗan ne. Masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Moriki kowace ta ware ɗaki ɗaya a fada don ajiya da nuni. Ƙananan hukumomi su tallafa da akwatunan gilashi da ɗan abin sallamar mai kula. Hukumar jiragen ƙasa ta duba yiwuwar ba da wani sashe na tsohon tashan Ƙaura. Makarantu su sa ziyarar irin waɗannan wurare cikin tsarin zango. An ƙirƙiri jihar nan tun 1 ga Oktoba 1996, ta isa a ce kowace masarauta tana da inda za ta kai baƙo ta ce ga mu.

Sai dai kada ka jira su. Aikinka na wannan mako ƙarami ne: nemi mutum mafi tsufa a gidanku, ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙi ya nuna maka abu mafi daɗewa da ya mallaka. Kunna rikoda, ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana. In ya yarda, ɗora hoton abin da 'yar takardarsa, ka rubuta sunan garinku a sama. Mutum ɗari suka yi haka, gobe wanda ya rubuta "Zurmi" a wurin bincike zai tarar da zanen saƙi a tsakanin labaran jaje.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mayar da kowa garinsu, Ya sa mu tarar da abin da za mu nuna wa na baya.